Cindo Mai Gawayi a Kasuwar Aljanun Itatuwa

A ƙarƙashin Kurmin Maiki akwai wata kasuwa wadda ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba, sai ta mutum ɗaya, shi ma ba don yana so ba. Kasuwa ce ta aljanun itatuwa. Kowane irin itace da Allah ya tsirar a kurmin nan, da kowace ciyawa, har 'yar mitsitsiyar da akuya ke rainawa, yana da rumfarsa a can, kuma abin da ake kasawa a rumfunan magani ne. Wani maganin cutarsa ta daɗe a duniya, wani kuwa cutar ba ta ma iso ba tukuna, yana nan yana jiranta. Ranar da aka kashe itace na ƙarshe a wani iri, ranar mai rumfarsa yake mutuwa, a saki asabari, shi ke nan.

Mutumin da ya shiga kasuwar nan sunansa Cindo, mai ƙona gawayi ne a Tungar Maiki, ƙauyen da ke bakin kurmin. Ƙato ne, ga baki, ga taurin kai. Wata shekara masu binciken magani suka zo daga birni, suka zauna da jama'a a ƙofar gidan mai gari. Suka ce a bar kurmin yadda yake, su za su riƙa sayen ganye da saiwa duk shekara suna gwadawa, in Allah ya sa aka dace da magani, gari yana da kasonsa har jikoki. Cindo ne ya fara kecewa da dariya. Ya ce, "In an dace! To da me za mu tuƙa tuwo kafin a dace? Motar gawayi duk ran kasuwa tana nan, ba ta taɓa ce mana sai an gwada ba." Jama'a suka bushe da dariya, baƙi suka shiga motarsu suka tafi.

To, malaman daji sun hana saran ɗanyen itace, busasshe kaɗai aka yarda. Sai masu gawayi suka samo dabara. Da rani mutum zai bi gindin itace da gatari ya ɗaye ɓawon a kewaye, su a bakinsu ɗamara suke ce wa wannan, ya yi tafiyarsa. Ruwa ya daina hawa, itace ya bushe a tsaye, sai a dawo a kayar da shi, a yi ta rantsuwa a bushe aka same shi. A wajen ɗaura ɗamara kuwa, wallahi babu na biyun Cindo.

Cindo da matarsa Tasalla sun daɗe ba su ga haihuwa ba. Sai da suka fid da rai Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata Kyauta. Yarinya ta taso, ta fara famfara, sai wani zazzaɓi ya kama ta, irin wanda ba a taɓa gani a ƙauyen ba. Jiki ya yi zafi rau, fata ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Cindo ya sayar da jakinsa ya kai ta asibitin birni. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, allura da ƙarin ruwa babu wanda ba a yi ba. Daga ƙarshe ya ja Cindo gefe ya ce, "Malam, cutar nan baƙuwa ce a gare mu, maganin da ke hannunmu ba ya taɓa ta. Ku koma gida, ku dage da addu'a."

Allah sarki, ƙaton nan mai baki sai ga shi durƙushe gaban Iya Yada, tsohuwar mai maganin ƙauyen, wadda idonta ya kusa tafiya. Tsohuwa ta shafa goshin yarinya, ta sunsuna tafin hannunta. Ta ce, "Kakata ta ba ni labarin ciwon nan. Maganinsa sassaƙen wani itace ne, sanyin-uwa. Amma rabon da in ji ƙamshinsa a kurmi tun kafin ku fara ɗaure-ɗauren ɗamararku."

Cindo ya ce, "Iya, ki taimake ni don Allah. Ita ke nan gare mu."

Ta ce, "Yarinyar nan ba za ta ga tsayuwar wata ba, ka ji na gaya maka. In kana da zuciya, tafi tsohon ramin gawayinka da rana tsaka. Ka bar duk wani ƙarfe a gida. Ka yi sallama irin ta gaban manya, ka shiga da baya. In ka iske kasuwa, masu ita sun san inda itacen yake."

Ko ruwa Cindo bai tsaya sha ba. Rana na take tsaka ya isa bakin rami, babu gatari babu wuƙa, ya yi sallama, ya juya ya shiga da baya. Ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi.

Ya faɗo a wani fili wanda ba a ganin iyakarsa, babu komai cikinsa sai kututturai, kowane da baki a tsakiyarsa. Suna ganinsa suka ɗauki ihu, "Ga mai ɗamara! Ga mai ɗamara!" Saiwoyi suka fito daga ƙasa suka nannaɗe masa ƙafafu, suka fara jansa ƙasa har gwiwa, har ƙugu. Cindo ya ƙwalla ƙara, "Ku yi wa Allah ku bar ni in wuce! Ba don kaina na zo ba, 'yata ce ke mutuwa!"

Wani tsohon kututturen ƙirya ya yi gyaran murya, fili ya yi tsit. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mu ma da 'ya'ya muka mutu. Amma ƙishirwa ta ishe ni tun ranar da ka yanke mini hanyar ruwa. Ka goya ni zuwa bakin kogi, sai a sake ka."

Ya ce, "Na yarda, ranka ya daɗe."

Ya goya shi. Kai, jama'a! Mutumin da ke ɗaukar buhun gawayi da hannu ɗaya sai ga shi yana rarrafe. Duk taku kututture sai ya ƙara nauyi, ɓawonsa na yankar masa baya, jini na bin ƙafarsa. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ba abin da yake faɗa sai sunan Kyauta. Da suka isa bakin kogi ya sauke shi, sai ya ga ashe ko ɗigon ruwa babu a ciki. Hayaƙi ne baƙi ƙirin yake gudu tsakanin gaɓa da gaɓa. Kututture ya ce, "A da ruwa ne. Hayaƙin ramukanku ne ya maye shi. So nake ka gani da idonka." Ya nutse cikin ƙasa ya bar shi nan.

Sai ga wani kwalekwale ya keto hayaƙin, matuƙinsa aljani ne dogo siriri, idanunsa jajur kamar garwashi, kuma babu abin tuƙi a hannunsa. Ya ce, "Ya kai baƙo, jirgin nan da suna yake tafiya. Ka kira sunan itace, ya matsa gaba. Ka yi shiru, ya tsaya. In ya tsaya a tsakiya, to, ni hayaƙi ba ya kashe ni."

Cindo ya shiga, ya fara, "Ƙirya, marke, kaɗanya, maɗaci, kanya, taura, ɗorawa." Jirgi na ta gudu. Ya ƙaro tsamiya da gawo da bagaruwa. Suna kaiwa tsakiya, sunaye suka ƙare masa ƙaf, domin shi abin da ya sani a kurmi biyu ne, mai gawayi mai kyau da marar amfani. Jirgi ya tsaya cak. Hayaƙi ya rufe shi, ya shiga hanci, ya shiga ido, ƙirjinsa ya ɗauki wuta. Ya kife a cikin jirgi yana kakari, ya tabbata tasa ta ƙare. Cikin wannan hali ya tuna mahaifiyarsa, lokacin da take goya shi zuwa bayan gari tana tsinkar ganye tana gaya masa sunansu. Da ƙyar ya buɗe baki, "Sabara. Filasko. Rai-ɗore. Nonon kurciya." Jirgi ya motsa. Ya yi ta tono su ɗaya-ɗaya yana tari, har hancin jirgi ya daki gaɓa.

Yana ɗaga kai ya ga kasuwa. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin wuri mai girma haka ba. Rumfuna jere har inda ido ya gaza, ƙamshi na tashi, masu rumfa wasu da fata kore, wasu da gashi na fure, wasu gajeru ba su kai gwiwarsa ba. Sai dai kasuwar ba ta da armashi ko kaɗan. In ka wuce rumfa ɗaya a buɗe, sai ka wuce da yawa an saki asabarinsu, ƙura ta lulluɓe.

Wani dattijon aljani ya tare shi, gemunsa saiwoyi ne suna jan ƙasa. Ya ce, "Ni ne Sarkin Kasuwa. Ya kai Cindo, mun san ka, mun san gatarinka. Me ke tafe da kai?"

Cindo ya zube. "Allah ya ja zamaninka, sanyin-uwa nake nema. 'Yata tana bakin mutuwa."

"Tashi ka biyo ni."

Suna tafe, Sarkin Kasuwa ya tsaya a wata rufaffiyar rumfa ya dafa ta. Ya ce, "Mai wannan wata igiyar daji ce da ke hawan marke. A cikin ganyenta akwai maganin wata cuta da ke cin mutane a ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba. Da an gano shi, da daga can za a riƙa zuwa Tungar Maiki ana roƙonku ku sayar. Ku tsinki ganye bana, baɗi ya sake tohowa ku sake tsinka, 'ya'yanku su ci, jikokinku su ci, ku gina asibiti a ƙofar gidanku. Da ita kuka riƙa ɗaure itacen gawayi, kuna jefa ta a wuta tare da shi, har ta ƙare."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba mu sani ba."

"Gaskiya ka faɗa. Baƙin da kuka yi wa dariya su ma ba su sani ba. Su dai sun san akwai abin da ba a sani ba tukuna, shi ya sa suka ce a bari."

Abin ya yi wa Cindo zafi, har ya manta gaban wa yake. Ya ce, "To yaya za mu yi? Geronmu ba ya kai mu damina. Yaro in yana kukan yunwa, ce masa zan yi ya jira a gama bincike?"

Sarkin Kasuwa ya dube shi. Sannan ya ce, "Ban ce ba ku da uzuri ba. Na dai nuna maka abin da aka ƙona."

A can ƙarshen layi suka iske wata rumfa, asabarinta ya sauko rabi. A ciki wata mace ce kwance kan tabarma, kyakkyawa, amma ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Wani sanyi mai ƙamshin kanumfari yana fitowa daga jikinta. Ta yaye mayafi, sai ga rauni ya zagaye mata ƙugu, ɗanye jajur, in ban da wani ɗan ziri na fata a bayanta wanda bai wuce faɗin yatsa biyu ba.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ni ce sanyin-uwa. Ka gane aikin hannunka?"

Ƙamshin nan ne ya tuna masa. A farkon ranin nan, can cikin kwari, ya iske wani itace da ya jingina da ƙaton dutse. Ya ɗaura masa ɗamara, farin ruwa mai sanyi ya jiƙa masa gatari, har ya ce a ransa wannan zai yi gawayi mai nauyi. Ta wajen dutsen ne gatari ya ƙi shiga, ya bar ɗan ɓawo bai kula ba. Cindo ya ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Wayyo ni Cindo, na kashe 'yata da hannuna!"

Ta ce, "Ni ce ta ƙarshe a irina, babu wata a bayan ƙasa. Da zirin nan nake shan ruwa. Magani kuwa a ɗanyen ɓawo yake, ba a ganye ba, ba a saiwa ba, kuma wanda ke sama da raunin da wanda ke ƙasansa duk sun riga sun bushe. In ka shafe raunina da laka da kashin shanu, ka tsare ni daga gatarin 'yan'uwanka, in damina ta sauka ɓawo zai haɗe, in yi 'ya'ya, ku shuka. Daga nan ku sassaƙa gabas da yamma yadda masu magani ke yi, ya ishi garinku, ya ishi na nesa su zo su saya. Ciwon nan da 'yarka ya fara, ba a kanta zai tsaya ba."

"Ranki ya daɗe, ba za ta kai damina ba. Ko tsayuwar wata ba za ta kai ba."

"Na sani. In ka ɗaye zirin, zai warkar da mutum ɗaya, ni kuma in mutu."

Cindo ya kama ƙafar rumfa yana kuka wiwi. "A raba shi biyu mana! In ɗauki rabi in bar miki rabi!"

"Rabi ba zai tashe ta ba, rabi ba zai riƙe ni ba."

"To ki karɓi raina a madadinsa. Ki karɓi idona, ki karɓi hannun da ya yi saran!"

Ta ce, "Ranka ba ya kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Me zan yi da shi?"

Ya juya wajen Sarkin Kasuwa. "Allah ya ja zamaninka, ka yanke mini hukunci. Ka hana ni, ko ka ba ni izini."

Dattijo ya girgiza kai. "Mu ba a ba mu ikon hana ɗan Adam ba. Da an ba mu, da kasuwar nan a cike take."

Matar ta miƙa yatsa ta taɓa masa goshi. Yana buɗe ido ya gan shi a cikin kwari, rana ta karkata, ga dutse, ga itace da ɗamararsa, 'yan ganyayen da suka rage suna kaɗawa a sama.

Kada a ce bai yi ƙoƙari ba, ya yi. Ya gangara ƙorama ya kwaɓo laka, ya fara shafe raunin, yana shafawa yana gaya wa kansa 'ya'yan mutane ma 'ya'ya ne. Ya shafe gaba, ya zagaya baya. Da hannunsa ya taɓa zirin nan, ɗanye, mai sanyi, sai ya tuna yadda Kyauta ta riƙe masa babban yatsa da safe, ta ce Baba kar ka daɗe. Lakar ta zube daga hannunsa. Ya cusa kafaɗa tsakanin dutse da itace, ya sa farce ya fara ɓanɓara. Farce ya karye, ya sa wani, shi ma ya karye. Ya tura kai ya kama da haƙori ya ja, yana kuka yana cewa, "Ki yafe mini, ki yafe mini." Ziri ya taho gaba ɗaya. A ƙarƙashin ƙafarsa ya ji ƙarar asabari ya faɗi, ganyayen nan kuma suka zubo masa a ka.

Da gudu ya shigo gari, sassaƙe a ƙirji, baya duk jini. Ya iske Iya Yada zaune a ƙofar ɗakinsa, ta haɗa tagumi. Ya ce, "Iya, ta cika?"

"Tana nan da rai. Shiga dai."

Ya ɗaga labule. Tabarma biyu ya gani a shimfiɗe. Kyauta a ɗaya, Tasalla a ɗaya, fuskarta ta yi fari-fari, leɓɓanta sun bushe. Ashe tun kwanakin baya take jin jikinta, ta ɓoye don kar ta ƙara masa damuwa.

Ta ga abin da ke hannunsa, ta yi murmushi. "Maigida, ka samo? Alhamdu lillahi. Maza a dafa wa yarinyar nan."

Ya ce, "Tasalla, ke fa?"

"Ni da sauran ƙarfina. A fara ba ta tukuna. Gobe sai ka koma ka sassaƙo mini nawa, tunda yanzu ka san inda itacen yake."

Cindo ya miƙa wa Iya Yada abin da ke hannunsa. Tsohuwa ta karɓi sassaƙen, ta lalubi tsawonsa, ta lalubi yatsunsa da suka farfashe, ta gane komai. Ta ɗora tukunya.

Aka ɗura wa Kyauta. Kafin rana ta faɗi gumi ya karyo mata, ta buɗe ido, ta ce kunu take so. Tasalla ta yi dariya har da hawaye, ta miƙa hannu ta shafa kan 'yarta. Ta ce, "Maigida, ka ji ta? Kai, maganin nan da ƙarfi yake! Har na ji kamar ni ma na warke. Ka dai yi sammako, kar rana ta yi maka a hanya."

Cindo ya ce, "To, Tasalla. Zan yi sammako."

Ya fita ya zagaya bayan rumbu, ya durƙusa, ya cusa hularsa a baki don kada ta ji kukansa.